Tambaya da Amsa: Me ya haɗa gudun jirgin ruwa da rayuwar ayu?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan ayu suke magana, dabbar nan ta ruwa da kowa ya san sunanta amma kaɗan ne suka taɓa ganin ta da idonsu. Ta farko ce ta fi ɗaukar fili, domin a kanta sauran biyun suka dogara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matuƙin kwalekwale mai inji ne, ina fito a tafkin Dadin Kowa da ke ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba a jihar Gombe. Ɗana ya nuna mini a waya cewa akwai wani wuri a Amurka da ake cin tarar mai jirgi idan ya yi gudu, wai don kada ya buge ayu. Abin ya ɗaure mini kai. Dabbar da ta fi mu sanin ruwa, yaya za a yi jirgi ya buge ta? Kuma shin irin wannan doka za ta zo mana nan ta tsare mana hanyar abinci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne, wurin kuwa shi ne jihar Fulorida da ke kudu maso gabashin Amurka. Tambayarka ta farko tana da ma'ana ƙwarai, kuma amsarta tana cikin halittar dabbar kanta.

Ayu ba kifi ba ne. Dabba ne mai huhu, macen tana haihuwa tana shayarwa, kuma masana halittu sun tabbatar cewa giwa tana cikin danginsa mafi kusa. Saboda da huhu yake numfashi, dole ne ya taso saman ruwa kusan kowane minti 3 zuwa 5 idan yana kai-komo, idan kuma yana hutawa yakan iya daɗewa har wajen minti 20. Idan ya taso, ba ya fito da kai gaba ɗaya. Ƙofofin hancinsa biyu kawai suke leƙowa, ya shaƙi iska ya koma. Jikinsa toka-toka ne, ruwan da yake zama a ciki kuma sau da yawa gurɓatacce ne, don haka matuƙin da ke tafe da gudu ba zai gan shi ba sai bayan ya ji jirgi ya daki wani abu. Ga kuma batun abinci: ciyawar ruwa yake ci, ciyawa kuwa a inda ruwa ba shi da zurfi take tsirowa, wato mita ɗaya zuwa biyu. A irin wannan wuri, ko da ayu ya ji ƙarar inji ya so ya nutse, babu zurfin da zai nutse a ciki, sai ya zamana ya matse tsakanin ƙasan jirgi da ƙasan kogi. Tafiyarsa ta yau da kullum ba ta wuce kilomita 5 zuwa 8 a awa guda, kuma ko da yake yana iya zabura na ɗan gajeren lokaci, jirgi mai ƙarfin inji ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Sanin ruwa ba ya amfanar da shi a nan, domin lokacin kaucewa ne ba ya samu.

Raunin da jirgi ke yi masa iri biyu ne. Akwai na farfela, wanda shi ne ake gani da ido: jerin yanka a gadon baya, ɗaya bayan ɗaya, tazararsu daidai da juna, kowane yanka yana nuna inda bakin farfela ya sauka yayin da jirgin ke wucewa. Idan raunin ya warke sai ya bar farin tabo, har ta kai masu bincike a Fulorida da waɗannan tabban suke gane kowane ayu a hoto su bi tarihinsa shekara da shekaru. Na biyun, wanda ya fi kisa, shi ne dukan da jikin jirgin kansa ke yi. Haƙarƙarin ayu ƙashi ne curarre mai nauyi wanda ba shi da ramin ɓargo, yana taimaka masa wajen nutsewa, amma idan aka dake shi da ƙarfi sai ya tsage. Huhunsa kuma a miƙe yake a tsawon gadon baya, dab da haƙarƙarin, don haka karyayyen ƙashi kan huda shi. Irin wannan ayu yakan yi kwanaki yana yawo a karkace, ya kasa nutsewa, sannan ya mutu a wani wuri mai nisa, shi kuwa matuƙin bai ma san ya yi kisa ba. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na manyan ayun da aka duba gawarsu a Fulorida suna ɗauke da tabon jirgi, kuma ɗaya cikin huɗu an buge shi sau goma ko fiye a rayuwarsa. A 2019 kaɗai jirage sun kashe fiye da 130 a jihar.

Abin da ya sa wannan adadi ya zama abin tsoro shi ne jinkirin haihuwar dabbar. Cikinta yakan kai shekara guda ko ya ɗan ɗara, ɗa guda take haifa, tana shayar da shi shekara ɗaya zuwa biyu, sannan sai bayan shekara biyu zuwa biyar take sake haihuwa. Idan jirgi ya kashe uwa mai shayarwa, kusan rai biyu ya ɗauka.

Dokokin ba rana ɗaya aka yi su ba. Gwamnatin tarayyar Amurka ta yi dokar kare dabbobin ruwa masu shayarwa a 1972, ta bi da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1973, sannan jihar Fulorida ta yi tata dokar a 1978 wadda ta mai da jihar baki ɗaya mafakar ayu, ta kuma bai wa hukuma ikon ƙayyade gudun jirage. A 1989 aka umarci gundumomi 13 da ayu ya fi yawa a cikinsu su tsara shirin kare shi. A nan nake so ka lura da kyau, Malam, domin nan ne amsar tsoronka take: ba a hana tuƙi ba, kuma ba a ce kowa ya yi tafiyar hawainiya a ko'ina ba. An raba ruwan ne kashi-kashi. Akwai inda ba a shiga da jirgi ko kaɗan, kuma waɗannan wurare ƙanana ne. Akwai inda sai dai a tafi da mafi ƙarancin gudun da za a iya sarrafa jirgi da shi, ba tare da tayar da igiyar ruwa ba. Akwai inda ake tafiya a hankali, jirgi yana kwance a ruwa bai ɗaga hanci ba. Sannan akwai hanya mai zurfi da aka yi wa alama a tsakiya, inda matuƙi zai iya ƙara wuta. Wasu dokokin ma na lokaci ne kawai, daga 15 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, domin ayu ba ya jure ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 20, saboda haka da hunturu sai su taru a maɓuɓɓugan ruwan ɗumi irin na Crystal River da kuma bakin tashoshin lantarki da ke zubar da ruwa mai ɗumi. Tsarin bai bambanta da tudun da ake yi a titi gaban makaranta ko kasuwa ba, inda direba ke sassautawa a daidai wurin, idan ya wuce ya ci gaba da tafiyarsa. Wanda ya cutar da ayu, dokar jihar ta tanadar masa tarar da za ta iya kai dala 500 ko ɗaurin kwana 60, ta tarayya kuwa ta fi haka tsanani.

Masu jirage da yawa sun yi ƙorafi, an daɗe ana ja-in-ja, har wasu masu bincike suka kawo hujjar cewa ayu ba ya jin ƙarar jirgin da ke tafiya a hankali sosai. Duk da haka, ra'ayin da ya rinjaya shi ne cewa rage gudu yana bai wa matuƙi da dabbar lokacin kaucewa, idan ma an yi karo to dukan bai kai na kisa ba. Ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 1991 ta ga ayu 1,267, ta 2017 kuma ta ga 6,620, ko da yake wani ɓangare na ƙarin ya zo ne daga ingantuwar hanyar ƙidayar. A shekarar ta 2017 aka sauke shi daga jerin masu dab da ƙarewa zuwa jerin masu fuskantar barazana. Sai ga shi a 2021 kimanin 1,100 sun mutu a shekara guda, akasarinsu saboda yunwa, bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci a gabashin jihar. Ni a ganina an yi gaggawar sauke shi daga jerin farko, domin dokar gudu haɗari guda ɗaya kawai ta toshe.

Yanzu mu dawo gida. Ayun da ke wajenmu jinsi ne daban da na Amurka, ana samun sa daga Senegal har zuwa Angola, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin haɗari. A Nijeriya yana cikin kogin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji da yankin Neja Delta, kuma tafkin Pandam a jihar Filato sananne ne a matsayin wurin da yake fakewa da rani. Rubuce-rubucen masu bincike na shekarun baya sun ambaci kogin Gongola da kogin Pai har zuwa wajen Yankari cikin rassan Binuwai da yake shiga. Amma tun da aka datse Gongola a Kiri a 1982, aka kuma datse shi a Dadin Kowa a 1984, hanyar da dabbar ruwa za ta bi daga mahaɗar Numan ta hauro da damina ta yanke a wuri biyu. Babbar dabbar da kuka fi gamuwa da ita a tafkinku ita ce dorina, wadda ita ma takan nutse ta taso ba zato, kuma karo da ita ya fi zama haɗari ga mutanen da ke cikin jirgi fiye da ita kanta. Saboda haka, ko don dorina da kan fasinjojinka, sassautawa a bakin ciyayi da mashigin rafuka abu ne da ya shafe ka kai tsaye. Idan kuma sana'a ta kai ka Numan ko Ibi ko Makurdi, kamar yadda take kai matuƙa da masunta da yawa daga wannan yanki, to ka shiga ruwan ayu sosai.

A irin wannan ruwa akwai alamun da ido ke iya kamawa: wani lafaffen da'ira da ke bayyana a saman ruwa, ɗaya bayan ɗaya a jere, wanda bugun faffaɗar wutsiyarsa ke haifarwa, guntayen ciyawar ruwa ko bado da aka tsinke suna yawo, da kuma ɗan hucin iska a wurin da babu motsi. Idan ka ga ɗaya daga ciki, ka rage wuta, ka koma tsakiyar ruwa inda ya fi zurfi, kada ka bi ta kansa.

Game da hanyar abinci, bari mu yi lissafi. Kilomita guda a gudun kilomita 30 a awa minti 2 ne, a gudun kilomita 8 kuwa minti 7 da rabi ne. Bambancin minti 5 da rabi ne a wurin da aka keɓe, kuma ba na jin wannan zai rage wa matuƙi sawu ɗaya a rana. Dokokin da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, take nanatawa a yanzu sun shafi hana tafiyar dare da hana lodin da ya wuce kima da tilasta sa rigar kariya, kuma don ran mutane aka yi su, bayan hatsari irin na Warrah a jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a jihar Kwara a 2023 wanda ya ci rayuka fiye da ɗari. Da za a ƙara musu da ƙayyade gudu a wuraren kiwon ayu, da na goyi baya ba tare da wata tantama ba, muddin an zauna da ku matuƙa kafin a shata wuraren.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a cikin garin Bauchi. Ina ganin masu kayan mata suna tallar man ayu a kasuwa da shafukan Facebook. Shin wannan ayun ne ake maganar karewa, kuma me zai sa a damu da jirgi alhali ga masu sayar da mansa a fili?

AMSA: Malama, shi ne, kuma kin taɓo inda ciwon yake. A kogunanmu jirgi ba shi ne na farko wajen kashe ayu ba, domin yawancin kwalekwalenmu na sanda da filafili ne, masu injin ma ba su kai yawan na Fulorida ba. Abin da ya fi kashe shi a nan shi ne farauta da zago da tarko saboda nama da mai da fata, sai kuma ragar masunta. Ragar da aka shimfiɗa a bakin rafi aka bar ta ta kwana, idan ayu ya sarƙe a ciki ba zai iya tasowa ya shaƙi iska ba, kafin gari ya waye ya mutu, alhali mai ragar kifi ya je nema. Da rani kuma, idan ruwa ya janye, wasu kan maƙale a gurbin da ya yanke daga kogi, su zama nama a hannun duk wanda ya fara ganin su.

Inda kasuwar mai ta haɗu da wannan magana shi ne a zuciyar masuncin da ya tarar da ayu da rai a cikin ragarsa. Idan ya san babu mai saye, zai fi sauƙi ya yanke raga ya sake shi. Idan kuwa ya san kwalba guda ta mansa tana da kuɗi a Bauchi ko Kano, tsautsayi ya zama riba ke nan. Doka ta haramta wannan ciniki: ayu yana cikin dabbobin da dokar Nijeriya ta 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa ta hana farautarsu da cinikinsu, dokar da aka yi wa gyara a 2016, kuma a 2013 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wato CITES, ta mayar da shi jeri na ɗaya, wanda ya hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ilimin likitanci kuma bai tabbatar da amfanin da ake jingina wa man ba. Ina roƙon ki, tun da Allah ya ba ki aji da ɗalibai da kuma bakin magana cikin mata 'yan'uwanki, ki riƙa faɗa musu daga jikin wace dabba wannan mai yake fitowa da kuma yadda ake samo shi. Amma wannan ba dalili ba ne na yin sakaci da batun jirgi. Injina suna ƙaruwa a Binuwai da Kwara, ga masu haƙar yashi da manyan jiragensu, kuma shata wuraren tafiya a hankali ya fi sauƙi yanzu kafin kowa ya saba da gudu a cikinsu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar halittu a Gombe. A ƙasar da dokar rigar kariya ma ba a cika bi ba, wa zai tsaya a tsakiyar kogi yana auna gudun jirgi saboda ayu?

AMSA: Ɗana, shakkarka tana kan hanya, kuma idan aka ce sai an zuba jami'ai da jiragen sintiri irin na Amurka, to maganar ba za ta wuce takarda ba. Amma muna da abin da za a ɗora a kai. Hana shiga wani ɓangaren ruwa na wani lokaci tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa: a Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake ga masu su har sai lokacin biki ya zo, kuma a garuruwa da yawa ba a taɓa tafki sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe shi. Mutane suna bin wannan ne domin wanda ya kafa dokar suna ganin sa kullum a bakin ruwa, kuma wanda ya karya ta ba shi da inda zai ɓuya. Haka nan kowace kwata tana da shugaban matuƙa da ke tsara layi, wanda ya san kowane jirgi da mai shi, kuma hana mutum lodi na kwana biyu hukunci ne da ya fi tarar da ba za a taɓa karɓa ba tasiri.

Aikin da ya kamata a fara da shi, wanda kuma ya dace da irinku, shi ne gano wuraren. Dokar Fulorida ta yi aiki ne saboda an san inda dabbar take taruwa da kuma watan da take taruwa. Wannan sani a wajenmu yana kan tsofaffin masunta, waɗanda za su iya nuna maka gurbin da ayu ke kwana da rani da fadamar da yake shiga kiwo idan ruwa ya cika. A ƙasar Kamaru, ƙungiyar kare dabbobin ruwa masu shayarwa ta AMMCO, wadda wani masani mai suna Aristide Takoukam Kamla ya kafa, ta yi aiki da masuntan tafkin Ossa da na gaɓar teku, inda suke aika bayanin abin da suka gani ta wata manhajar waya, kuma da irin waɗannan bayanai ake gane wuraren da ke bukatar kariya. Babu abin da zai hana ɗaliban Gombe da Bauchi da Yola su yi irin wannan a ƙasan madatsar Kiri zuwa Numan, su zauna da sarakunan ruwa, su fitar da taswirar wuri biyar ko shida, sannan su kai ta ga ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NIWA. Sai dai a kiyaye ƙwarai da hannun da taswirar za ta shiga, domin takardar da ke nuna inda ayu ke kwana tana iya zama jagora ga mafarauci.

Bayan an shata, alamar ba ta bukatar kuɗi mai yawa: jarkoki masu launi da aka ɗaure da dutse, ko dogayen sanduna da ƙyalle a kai, sun isa su nuna wa matuƙi inda zai rage wuta da inda ba a kwana da raga. A kuma sanar da kowace kwata abin da za a yi idan an buge ayu ko an same shi a maƙale: a kashe inji, kada a ɗaure shi da igiya a ja, a tabbata hancinsa yana samun iska, idan a tudu yake a riƙa jiƙa fatarsa ana yi masa inuwa, a hana taron jama'a matsa masa, sannan a kira jami'an gandun daji ko na ma'aikatar muhalli mafi kusa. Ya kamata kuma a yi alkawari a fili cewa matuƙi ko masuncin da ya kawo rahoton tsautsayi da kansa ba za a kama shi ba, kuma za a taimaka masa da kuɗin ragar da ya yanke, domin idan kawo rahoto zai jawo masa ɗauri da asara, zai yi shiru ne ya kira mahauci.